Giya 16 a hannu ɗaya: abin da ke gudana a cikin buwat ɗin babbar mota

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a bakin hanyar da ta fita daga Tawa ta nufi Tsarnawa ya san wannan ƙarar. Dogon baro ya taso da lodi, inji ya yi gurnani, direba ya kai hannu ga sanda, sai a ji "ƙarrr" kamar ana wasa adda a kan dutse. Masu shan shayi ba sa ko ɗaga kai, sun saba. Makanike kuwa, in yana wurin, ya san nan da 'yan watanni motar za ta kwana a garejinsa. Haƙoran ƙarfe ne suke cin junansu, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: an nemi a haɗa ƙarafa biyu da ba su juyi da sauri ɗaya.

Na yi shekaru ina karen mota tsakanin Tawa da Agadas kafin in koma sayar da kayan gyara, saboda haka na ga abin daga cikin kabin, na kuma gan shi a kan teburin makanike bayan an farke buwat, wato akwatin giya. Mu a nan muna cewa bitesi, 'yan'uwanmu na Sakkwato da Kano suna cewa giya. Abin da wasunmu ke kira ambiriyaji su kuloci suke ce masa. A tashar Ƙonni duk wanda ka faɗa za a gane, don haka zan ɗauki wanda ya fi sauƙi a baki.

Ƙaramar mota giya 5 ta ishe ta, babba kuwa sai 10, 12, 16, har 18. Dalilin yana cikin injin. Injin fetur na ƙaramar mota yana aiki tun daga juyi 1,000 a minti har zuwa wajen 6,000, fili ne mai faɗi. Injin gazuwal na tirela, mai lita 11 zuwa 13, ƙato ne mai gajeren numfashi. Ƙarfinsa na ja yana tsakanin juyi 1,000 da 1,500, wurin da aka shafa wa kore a agogon juyin inji. In ya faɗi ƙasa da haka sai ya shaƙe ya kama kakkarwa, in ya haura 2,000 ya kusa wurin da aka shafa wa ja, yana ƙona gazuwal a banza. Da wannan ɗan tsukin ake so a tayar da tan 40 ko 50 daga tsaye a kai su gudun kilomita 80 a awa. Mai gajerun ƙafafu in zai hau soro, dole a yi masa tsani mai matakai kusa da kusa, kuma aikin buwat ke nan. A wani samfurin buwat ɗin kamfanin ZF mai giya 16, wanda ake samu a MAN da DAF da Iveco da wasu Renault, giya ta farko tana sa inji ya juya kusan sau 16 kafin kardan, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga buwat zuwa tayoyin baya, ya juya sau ɗaya. A ta ƙarshe, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na kardan.

Sai dai babu ramuka 16 a ƙarƙashin sandar. Abin da ke cikin kwanson buwatoci uku ne a jere. Na tsakiya shi ne mai giya 4 da hannu ke sawa. A bayansa akwai wani mai mataki biyu kacal, ƙasa da sama, wanda a motoci da yawa ake nuna shi da hoton kunkuru da na zomo. In kana kunkuru, ramukan nan huɗu su ne 1 zuwa 4, in ka koma zomo su ne 5 zuwa 8. A gaba kuma akwai wani ƙarami da ke raba kowace giya gida biyu, shi ne muke kira rabi. Huɗu sau biyu sau biyu, 16 ke nan. Volvo da Scania uku suke ninkawa su samu 12, su ƙara giyar rarrafe ta tashi a wuri mai wuya. Howo na Sin da suka cika wuraren aikin hanya da ɗaukar yashi galibi 5 sau biyu ne, wato 10, babu rabi. Kunkuru da zomo da rabi duk iska ce ke tura su, iskar nan da ke riƙe burki. Shi ya sa motar da ba ta cika iska da safe ba takan ƙi shiga zomo, sabon direba ya yi ta dukan sanda yana zagin buwat alhali kwamfireso, na'urar da ke tara iskar, shi ne bai gama aikinsa ba.

Wannan duk shimfiɗa ce. Ainihin maganar tana cikin ɗan lokacin da sanda take tsakiya, ta bar giya ɗaya ba ta shiga ta gaba ba.

A wannan lokacin cikin buwat ya rabu biyu. Ɓangare ɗaya yana manne da tayoyi, yana juyi da saurin da mota ke tafiya, ba ruwansa da kai. Ɗayan yana bin inji. Giya ba za ta zauna ba sai saurin waɗannan biyun ya zo daidai. Kamar mutum ne zai hau amalanken da ke tafiya: sai ya bi shi da gudu har takunsa ya yi daidai da na jakin, sannan ya ɗora ƙafa. In ya yi tsalle daga tsaye, ƙasa zai sha. Tambayar ita ce wa zai daidaita saurin, buwat ko direba, kuma a kan wannan ne motocin da ke hanyoyinmu suka kasu gida biyu.

Gidan farko na masu sinkoro ne. Sinkoro wani zobe ne da ke gaban kowace giya, yana aiki kamar ƙaramin burki. Kana tura sanda, shi zai fara taɓa giyar, ya goge ta har saurinta ya daidaita, sannan ya buɗe hanya haƙora su shiga. Galibin motocin Turai masu sanda da ake kawo mana bayan sun gama aiki a can, Mercedes da MAN da DAF da Renault da Volvo, na wannan gidan ne. Abin da suke so shi ne a taka kuloci har ƙasa, a tura sanda da matsi madaidaici, a riƙe ta a bakin ramin na ɗan daƙiƙa, ita da kanta za ta faɗa. Maigidan da na yi wa yaron mota, Allah ya jiƙansa, in ya ga na finciki sanda sai ya ce, "Kai yaro, mi kake gaggawa? Wagga ba ta son ƙarhi. Ƙwanƙwasa ƙohwa ka jira a buɗe ma." Zoben nan ɗan siriri ne idan aka kwatanta da nauyin da yake tsayarwa, duk finciken da aka yi masa daga jikinsa ake ɗiba.

Gida na biyu babu zobe a giyoyin hannu. Eaton Fuller na Amurka, mai 9 ko 10 ko 13 ko 18, shi ne uban gidan. Buwat ɗin Fast da ke cikin Shacman tsatson Fuller ne, kuma da yawa daga cikin na Howo ma haka aka gina su, duk da akwai waɗanda aka sa wa sinkoro. Irin wannan buwat yana da juriya da sauƙin gyara, domin abin da zai lalace a ciki kaɗan ne. Amma daidaita sauri ya koma kan direba, da ƙafarsa da kunnensa. Nan ne ake taka kuloci sau biyu. In za ka hau giya, ka taka, ka fito da sanda tsakiya, ka saki kuloci, ka bar juyin inji ya sauko, ka sake takawa ka shiga. In za ka sauko, ka taka, ka fito tsakiya, ka saki, ka ba da wuta da totur juyin ya tashi, ka taka ka shiga. Sakin kulocin nan da ake yi a tsakiya shi ne asirin abin, domin shi ke haɗa inji da cikin buwat har injin ya ja ƙarafan zuwa saurin da ake nema. Wanda ya ba da wuta ƙafarsa na kan kuloci, iska kawai ya hura.

Nawa juyin zai sauka ko ya tashi? Lissafi ne, ba duba ba. A Howo mai 10, tazarar kowace giya da mai bi mata kusan kashi ɗaya cikin uku ce. In ka bar giya a juyi 1,600, ta gaba tana jiranka a wajen 1,200. In kana 1,100 a kan hawa kana son saukowa, sai ka tayar da inji zuwa wajen 1,500. A ZF mai 16, cikakkiyar giya tana sauke ka daga 1,500 zuwa ɗan sama da 1,000, rabi kuma daga 1,500 zuwa wajen 1,250. Tsofaffin direbobi ba su san waɗannan lambobi ba, da yawansu ma agogon motarsu ya mutu tun kafin a haife ni, amma kunnensu ya haddace su. Abin da lamba ba ta faɗa shi ne hanya ma tana da baki a ciki. A kan hawa mota tana rage gudu tun kana tsakiya, don haka wurin haɗuwar yana sauka ƙasa yana guje maka. A gangare kuma tana ƙara gudu, wurin haɗuwar yana hawa sama. Wannan na biyun shi ne mai kisa, zan dawo kansa.

Babbar ɓarnar da nake gani a kantina daga cakuɗa gidajen nan biyu take fitowa. Direba ya yi shekara goma a kan buwat marar zobe, ya ƙware har yana sa giya ba tare da ya taɓa kuloci ba, da totur kawai. A can abin yana yiwuwa, in kunne ya daidaita sauri haƙora za su shiga salin alin, ko da yake kamfanin da ya ƙera buwat ɗin kansa taka kuloci sau biyu yake koyarwa. Sai Alhaji ya sayo DAF ya ba shi, ya zo da wannan hannun. A nan kuwa, duk ɗan kuskuren da kunnensa ya yi, zoben ne zai yi ƙoƙarin gyarawa, kuma da yake ba a taka kuloci ba, inji gaba ɗaya da nauyin lodi zoben ke neman tsayarwa. Mugun abin shi ne ba a jin ƙara. Direba yana ganin ya iya, zobe yana narkewa a ɓoye, sai ranar da giya ta 3 ko ta 5 ta fara ƙin shiga ko tana tsalle ta fita da kanta. Haka in aka juya. Yaron da ya koya a Mercedes ya hau Howo, ya taka kuloci har ƙasa ya tura sanda yana jiran a buɗe masa ƙofa, babu mai buɗewa, sai ƙarrr. Akwai ƙari ma. A irin wannan buwat galibi akwai ɗan burki da ke kamawa idan kuloci ya kai can ƙarshen tafiyarsa, aikinsa ya tsayar da ƙarafan ciki don a sa giyar tashi ko ribas a lokacin da mota take tsaye. In ana tafiya ana danna shi, ƙonewa yake yi, kuma yana rage saurin da ake ƙoƙarin daidaitawa. A kan hanya rabin taku ya isa. A gidan sinkoro kuwa rabin taku laifi ne, har rabi ma ba ya sauyawa sai kuloci ya kai ƙasa. Ƙafa ɗaya, doka biyu masu karo da juna, kuma ban taɓa ganin mai mota ya zaunar da sabon direba ya tambaye shi a kan wane irin buwat ya koya ba. Abin da ake tambaya shi ne ko yana da permi, wato lasisin tuƙi, ko kuma wa ya tsaya masa.

Sauya kunkuru da zomo kuma yana da nasa haɗarin. A wasu motocin maɓalli ne a jikin sanda, ana ɗaga shi tun ana cikin giya, sauyin ya faru lokacin da sanda ta ratsa tsakiya. A wasu kuma mari ake kai wa sanda gefe, ta tsallaka daga ramukan 3 da 4 zuwa na 5 da 6. Ko wanne ne, a ZF tazarar kunkuru da zomo ta fi ninki huɗu da rabi. Ke nan in kana giya ta 6 a juyi 1,200, ka yi kuskure ka faɗa ta 2, ka nemi faifan kuloci ya yi juyi sama da 5,000. Ba a ƙera shi don haka ba, yana iya tarwatsewa tun ƙafarka ba ta saki ba, in kuma ka saki, inji ne zai karɓa. Motoci da yawa suna da makullin da ke hana wannan, amma a tsofaffin da suka sha hannun masu gyara sau da yawa an cire shi ko ya daina aiki. Dokar da na taso da ita ita ce kada a koma kunkuru sai gudu ya sauko ƙasa da kilomita 30 a awa, kuma kada a taɓa shi ana cikin ribas.

Maganar tashi gajera ce. Ana tashi da giyar da mota za ta motsa a juyin zaman inji, ba a ba da wuta ba sai kuloci ya gama kamawa. Mota wayam tana iya tashi a 3 ko 4, mai lodi a 1 ko 2. Wanda ke tashi da babbar giya yana ba da wuta don ya rage wa hannunsa aiki, faifan kuloci yake gasawa, kuma hancin kowa a tasha yana shaida. Bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina zuwa Tera cikin ayari da rakiyar sojoji, direbobi suna shafe sa'o'i ana matsawa kaɗan kaɗan a layi. A irin wannan tafiyar gara a bar tazara a sa ƙaramar giya mota ta yi rarrafe da kanta, da a riƙe ta a rabin kuloci.

Ba zan tsallake lodi ba, domin duk lissafin da na yi a sama lodi ne ke rushe shi. Doka ta 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, wadda aka sa wa hannu a 2005, ta tsayar da tirela mai gatari 6 a tan 51, mota da kayanta. Kowa ya san abin da ake ɗora wa motocin albasar Galmi da na siminti da na hatsi yakan wuce nan. Injiniyan da ya tsara buwat ya auna giyar tashi da girman kuloci da faɗin burki a kan wani nauyi. In an ɗora fiye da haka, hawan da ake ci a giya ta 6 sai ya koma na ta 4, gangaren da burkin inji ke riƙewa shi kaɗai sai ya fi ƙarfinsa. Direban da ya ƙi lodin kuwa, gobe wani ne zai ja motar. Don haka in ana zargin direbobi, a raba laifin, a kai wa masu kaya da masu mota nasu kason.

Ƙasarmu ta Adar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Wanda ya bi ta Keita ko Buza ko ya sauka kwarin Badagishiri ya san akwai hawa da gangare da za su gwada mutum. A hawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana gindin tudu kake sauko da giya, inji yana sama a cikin koren, ka shiga da ƙarfinka. In allura ta fara faɗuwa zuwa 1,100, ka sauko tun da sauran numfashi. A hawa mai tsanani rabi ba ya wadatarwa, kafin ka gama sa shi gudun ya riga ya zube, gara ka sauko cikakkiya ko ɗaya da rabi lokaci guda. In kuma giya ta kuɓuce maka, mota ta mutu a tsakiyar tudu, kada ka yi ta lalube tana komawa baya. Taka burki, ja na hannu, yaro ya sa waigi, a tashi daga ta farko. Babu abin kunya a ciki.

Gangare ne ya sa na zauna rubuta wannan. Mota mai tan 50 in ta sauko daga tudu mai tsayin mita 100, ƙarfin da ya wajaba a kashe ya isa ya kai ruwa fiye da lita 150 ga tafasa, kusan kashi uku cikin huɗu na tano, wato duro, guda. Wannan zafin dole ya shiga wani wuri. In da ƙafa kaɗai ake riƙe motar, cikin tambur yake shiga, kwanon ƙarfen nan da ke cikin taya. Tambur in ya yi zafi yana buɗewa, fatar burki kuma tana santsi, sai direba ya taka ya ji mota ba ta amsa ba. In kuwa mota tana cikin ƙaramar giya, inji ne ke shan kaso mai yawa na wahalar. Burkin inji, wanda ke toshe hanyar hayaƙi, yana ƙara riƙo, kuma ya fi kamawa idan juyin yana sama, wajen 2,000, ba a cikin koren ba. Masu Telma ko Intarder ko Voith, na'urorin da ke rage gudu ba tare da an taɓa burkin ƙafa ba, sun ƙara samun abin dogaro. Tsofaffi suna cewa giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai. Da injunan yanzu masu ƙarfi, waɗanda ke cin tudu da babbar giya, ni ina ganin a sauko da ɗaya ƙasa da wadda aka hau da ita. Kuma a saman tudu ake sa ta, kafin hancin mota ya sunkuya. Da zarar gudu ya ƙaru a tsakiyar gangare, ƙaramar giyar da kake nema tana buƙatar juyin da inji ba zai iya kaiwa ba. Ka fito daga wadda kake ciki, waccan ta ƙi karɓarka, wadda ka bari ma ta ƙi, ka zauna a tsakiya da tan 50 a bayanka.

Akwai kuma masu shiga tsakiyar da gangan. Sa mota a firi a gangare, wai don a rage shan gazuwal, al'ada ce da ta yi jijiya, musamman inda ake auna wa direba mai a ce abin da ya rage nasa ne. Garin neman gira ake rasa ido, kuma girar ma ba a samu. Injin gazuwal in yana cikin giya, ƙafa ba ta kan totur, tayoyi na juya shi, famfo yanke mai yake yi gaba ɗaya. A firi kuwa sai an ba shi abin da zai riƙe kansa kada ya mutu. Ban da haka, kwamfireso da inji yake juyi, in inji ya koma juyin zama iskar da yake tarawa ta ragu, a daidai lokacin da kowane taku na burki ke zubar da ita. Man buwat ma daga ɓangaren inji ake watsa shi, saboda haka a firi ƙarafan baya suna gudu da saurin hanya mai kuwa bai isa gare su yadda ya kamata ba. Dalilin da ya sa ake kwance kardan kafin a ja motar da ta lalace ke nan. Na taɓa tsayawa a gindin wani gangare a kan motar wani da muka sha cin tuwo tare, buhuna a warwatse, sanda a tsakiya. Yaron motarsa bai kai shekara ashirin ba. Ban ƙara iya yin shiru ba idan na ji wani yana alfahari da firi.

Hanyar Tawa zuwa Agadas, kusan kilomita 400, wani yanki ne na hanyar yuraniyom da aka shimfiɗa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970. Inda kwalta ta mutu, bayan Abalak, akan sauka a bi ta gefe cikin rairayi. Rairayi ba ya yafe sauya giya. Daƙiƙar da ka taka kuloci, yashi ya riƙe tayoyi, mota ta tsaya cik. Ana zaɓen giya tun ana kan ƙasa mai tauri, a sa makullin gada, wanda ke haɗe tayoyin baya su juya tare, in akwai, a riƙe wuta daidai har a fita. Mai tankar da ya ɗauko mai daga matatar Damagaram shi kuma yana da wani abokin tafiya a bayansa: in tankin bai cika ba, kowane sauyi mai tsauri yana tura man baya ya dawo ya bugi gaba, sai ya koyi jiran bugun kafin ya saki kuloci. Mai ɗaukar shanu daga kasuwannin Azawak in ya fizgi mota, dabba ta faɗi a cikin 'yan'uwanta, kafin a kai Ƙonni an tattake ta.

Yadda muke koyar da yara shi ne inda nake da ƙorafi. Karen mota yana shekara uku ko biyar yana wanke mota, yana sa waigi, yana dafa shayi, yana kallon hannun maigida. Kallo yana koyar da lokacin sauyawa, amma ba ya nuna abin da ke cikin kwanso. Da kowane maigida zai kai yaronsa gareji ranar da aka buɗe buwat, ya sa masa zoben sinkoro sabo a hannun dama, cinyayye a hagu, ya juya masa ƙarafan ya ga yadda haƙora ke neman juna, rabin yinin nan ya fi shekara guda ta tsawa. Kuma a jikin kowane buwat akwai ɗan allon ƙarfe mai sunan kamfani da lambar samfuri. Duk wanda aka ba motar da bai saba da ita ba, ya shiga ƙarƙashi ya goge ƙurar ya karanta, ko ya kira makanike ya karanta masa, kafin ya tayar da inji.

Motocin da ke shigowa yanzu da yawa ba su da sanda. Volvo ya fito da I-Shift a 2001, Mercedes yana da PowerShift, ZF yana da nasa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne cikinsu na gida na biyu ne, giyoyin tsakiya ba su da zobe. Kwamfuta ce ke yin abin da tsohon direba ke yi da kunne: ta fito tsakiya, ta rage ko ta ƙara juyin inji, ta shiga daidai kan lokaci. A kan kwalta mai kyau tana tsare kuloci, tana rage shan mai, ta kuma hutar da gwiwar hagu. Amma ba ta ganin rairayin da ke gaba, tana iya sauya giya a tsakiyarsa in direba bai mayar da ita ga umarnin hannu ya kulle ta ba, kuma a saman gangare har yanzu shi ne zai ce mata ta sauko. In kuma wata 'yar na'ura ta mutu ko batir ya yi sanyi a dajin da ke tsakanin Abalak da Agadas, mota ba ta motsi sai an zo da kwamfutar dubawa daga birni. Shi ya sa wasu masu mota suke sauke irin wannan buwat su ɗora mai sanda, a huda ƙasan kabin, a dasa feda ta uku.